Bin Sawun Labaran Farauta da Ba Su Shiga Littafi Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Mai karatun da ya shaƙu da wani marubucin farauta da kamun kifi yakan kai ranar da zai rufe littafinsa na ƙarshe, ya duba kanta ya ga babu saura. Daga nan ne yake fara jin ƙishin-ƙishin cewa mutumin ya rubuta fiye da abin da aka buga masa a littafi, kuma ragowar tana kwance cikin tsofaffin mujallu da jaridu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin wannan nema suke yawan maimaitawa. Misalan daga Amurka da Ingila suke, domin can ne irin wannan rubutu ya yi kasuwa a mujallu, amma hanyar binciken ɗaya ce ko da wane ne marubucin.

1. Me ake nufi da labarin da ba a tattara ba?

Shi ne labari ko maƙalar da ta fito a mujalla, ko jarida, ko wata 'yar takardar ƙungiyar mafarauta, amma ba a taɓa sa ta cikin littafin da ke ɗauke da sunan marubucin shi kaɗai ba. Ya bambanta da rubutun da ba a taɓa bugawa ba ko sau ɗaya, wanda hanyar nemansa daban ce, kamar yadda yake a amsa ta 11. Akwai kuma na tsaka-tsaki, wato labarin da ya shiga littafin haɗaka na marubuta da yawa. Shi ma ana ƙirga shi cikin waɗanda ba a tattara ba, sai dai samunsa ya fi sauƙi.

2. Me zai sa a bar labaran shahararren marubuci a warwatse?

Babban dalili shi ne waɗannan mutane da mujalla suke cin abinci, littafi kuwa daga baya yake zuwa, in ma ya zo. Marubucin da yake da fili na kansa a mujallar wata-wata, in ya shekara ashirin yana rubutawa, ya tara rubutu 240, alhali littafi guda ba ya ɗaukar fiye da 'yan gomomi. Gordon MacQuarrie, wanda ya riƙe filin harkokin daji na jaridar Milwaukee Journal daga 1936 har rasuwarsa a 1956, bai ga tarin labaransa na farautar agwagwa a littafi ba. Sai a 1967 aka fara tattara su, kuma wasu ne suka zaɓa, ba shi ba. Duk wanda ya zaɓa kuwa ya bar wani abu a baya.

Sauran dalilan na yau da kullum ne. Wani labarin ya yi kama da wanda aka riga aka ɗauka, wani ya cika tsawo, wani mujallar ce ta riƙe haƙƙinsa, wani kuma ya ɗauru da zamaninsa, misali bayanin wata bindiga da aka daina ƙerawa ko wata dokar farauta da aka soke. Wani lokaci ma mai tattarawar bai san da labarin ba, saboda ya fito a ƙaramar mujallar da ba ta yi nisan kwana ba.

3. Daga ina ya kamata in fara?

Ka fara da abin da ke hannunka, ba da intanet ba. Ɗauki littattafan marubucin ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe kundi ko jadawalin kwamfuta, ka rubuta sunan kowane labari, da littafin da yake ciki, da jimlarsa ta farko kalma da kalma, da sunayen mutane da karnuka da wuraren da suka fito a cikinsa. Aikin yana da gundura, kuma shi ne wanda mafi yawan masu nema suke tsallakewa, su yi da na sani daga baya. Wanda bai san iyakar abin da aka tattara ba, ba shi da hanyar gane abin da aka bari, kuma zai yi ta sayen labarin da yake da shi tuntuni ƙarƙashin wani suna, matsalar da amsa ta 8 ta yi bayani a kai.

Bayan haka sai ka duba bayan shafin farko na kowane littafi, inda ake rubuta haƙƙin mallaka da godiya. Sau da yawa a nan ake ambaton mujallun da labaran suka fara fitowa, wani lokaci har da shekarun. Gabatarwar mai tattarawa ma tana da amfani ƙwarai, domin a nan yakan faɗi yawan labaran da ya karanta da yawan waɗanda ya ɗauka.

4. Ta yaya zan san mujallun da ya rubuta wa?

A Amurka, a ƙarni na 20, manyan mujallun wannan fanni uku ne: Sports Afield da aka kafa a 1887, da Field & Stream a 1895, da Outdoor Life a 1898. Kafin su akwai Forest and Stream, wadda ta fara fitowa a 1873 ta kuma narke cikin Field & Stream a 1930. A Ingila akwai The Field tun 1853. Daga cikin na baya-bayan nan akwai Gray's Sporting Journal, da ta fara a 1975 kuma ta fi ba adabi muhimmanci a kan bayanin kayan aiki.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaure marubuci da mujalla ɗaya. Jack O'Connor ya yi suna ne a Outdoor Life, amma da ya bar ta a 1972 ya koma rubuta wa Petersen's Hunting. Patrick McManus ya rubuta wa Field & Stream kafin ya koma Outdoor Life. Robert Ruark, wanda ake tunawa da shi saboda filinsa na Field & Stream a shekarun 1950, marubucin jaridun kamfanin Scripps-Howard ne da rubutunsa ke fitowa a garuruwa da dama. Don haka a raba rayuwar marubuci zango-zango, a tambayi kai wa yake sayar wa rubutu a kowane zango, musamman shekarun farko kafin ya yi suna, lokacin da yake aika wa duk mai biya.

5. Akwai fihirisar da ta jera labaran mujallun nan?

Akwai, amma babu wadda ta game duka. Readers' Guide to Periodical Literature, wadda ta fara fitowa a 1901, tana jera maƙalun mujallun Amurka da sunan marubuci da kuma batu, sai dai mujallun da ta zaɓa kawai take bi, kuma ba daga fitowarsu ta farko ba. Rashin ganin suna a cikinta ba hujja ba ce cewa mutum bai yi rubutu a shekarar ba. FictionMags Index, wadda masu sa kai suke haɗawa a intanet, tana jera abin da ke cikin fitowa ɗaya-ɗaya, kuma ta fi ƙarfi a ɓangaren ƙagaggun labarai. WorldCat kuwa, wadda ke haɗa jerin abubuwan da ɗakunan karatu na duniya suke da su, ba labari take nunawa ba, ɗakunan karatun da suke da mujallar take nunawa.

Inda fihirisa ta gaza sai a koma ga jerin abubuwan ciki na kowace fitowa, wata bayan wata. A nan sanin lokutan shekara yana rage wahala, domin editoci da lokacin abu suke tafiya: labarin agwagwa da barewa ya fi fitowa daga Satumba zuwa Disamba, na kamun kifi kuwa daga Afrilu zuwa Yuni.

6. Me ake iya samu a intanet ba tare da biyan kuɗi ba?

Tsofaffin fitowa, waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, su ne suka fi samuwa. Ɗakunan karatu na intanet irin su Internet Archive da HathiTrust da Biodiversity Heritage Library suna da kundaye masu yawa na Forest and Stream da ire-irenta, ana karantawa shafi-shafi. Google Books yana da fitowar Field & Stream ta wasu shekaru masu yawa na ƙarshen ƙarni na 20, da hotuna da tallace-tallace yadda aka buga su.

HathiTrust yana da wata fa'ida da mutane ba su cika lura da ita ba. Ko kundin da ba ya bari a karanta saboda haƙƙin mallaka, yakan bari a nemi kalma a cikinsa, ya nuna lambar shafin da ta fito. Wannan ya isa ka san kundin da za ka nema ta hanyar da aka bayyana a amsa ta 9.

7. Na rubuta sunansa a wurin bincike ban sami komai ba. Shi ke nan babu?

A'a. Manhajar da ke mayar da hoton shafi zuwa rubutu tana yawan tuntuɓe a daidai inda kake buƙatarta. Sunan labari da na marubuci a mujalla akan zana su ne da haruffan ado, wani lokaci a kan hoton tafki ko na kare, sai na'ura ta kasa karanta su, alhali ta karanta jikin labarin daidai. Saboda haka ka nemi abin da ke cikin jikin labarin: sunan abokin farautarsa da yake yawan ambata, sunan karensa, sunan kogi ko bukkar da yake sauka, ko wata kalma da ta zame masa ɗabi'a. Kundin da ka haɗa a amsa ta 3 shi zai ba ka waɗannan kalmomi. Ka kuma gwada sunan da kuskure a ciki, domin na'ura takan rikita harafin m da rn, ta kuma haɗe ko ta raba sunayen da suka fara da Mac.

8. Na sami labari mai sunan da ban taɓa gani ba. Yaya zan tabbatar sabo ne?

Kada ka yi saurin murna, domin sunan labari shi ne abu mafi rauni da za a dogara da shi. Editan mujalla yakan cire sunan da marubuci ya raɗa ya sa nasa, in an zo yin littafi kuma a mayar da na asali ko a ƙirƙiro na uku. Abin yi shi ne kwatanta jimlar farko da wadda ke kundinka, sannan sakin layi biyu daga tsakiya, sannan ƙarshe. Jimlar farko kaɗai ba ta isa ba, domin farkon labari shi ne wurin da aka fi taɓawa idan za a sake bugawa.

Sakamakon kwatancin yakan faɗa ɗaya daga cikin uku. Ko dai labari ɗaya ne da suna biyu, ko sabo ne fil, ko kuma labari ɗaya ne mai zubi biyu. Wannan na ukun bai kamata a raina shi ba. Mujalla takan datse labari don talla ta sami wuri, sai ya zamana na littafin ya fi cika. Wani lokaci kuma akasin haka ne, mai tattarawa ya haɗe filin wata biyu ya zama babi ɗaya, ya zubar da abin da yake ganin maimaici ne. A ganina sakin layi uku da aka zubar daga labarin da ka haddace sun fi daɗin samu a kan cikakken labarin da marubucin ya rubuta da gaggawa don cike fili.

9. Ɗakin karatun da ke kusa da ni ba shi da mujallun. Mene ne abin yi?

Matambayi ba ya ɓata: ka je wa ma'aikacin laburare da cikakken bayani, wato sunan mujalla, da wata, da shekara, da lambar shafi in ka sani. Ɗakunan karatu da yawa suna cikin tsarin aro a tsakaninsu, kuma ko da ba za su aiko da kundi sukutum ba, sukan ɗauki hoton shafukan labari guda su turo. Jami'o'in da ke koyar da aikin gona da gandun daji sun fi yiwuwar ajiye irin waɗannan mujallu, akwai kuma ɗakunan karatu na musamman irin su National Sporting Library and Museum da ke Middleburg a jihar Bajiniya.

Wajen neman hoton shafuka ka roƙa a bi labarin har ƙarshensa. Al'adar mujallun ce su fara labari a gaba da manyan hotuna, su ce a ci gaba a shafi na 97, daga nan kuma a sake tura ka wani shafin can baya tsakanin tallace-tallace. In ba ka faɗa ba, rabin farko kawai za a turo maka. Ka sani kuma cewa wasu ɗakunan karatu, lokacin da suke ɗinke fitowar shekara a kundi ɗaya, sukan cire bango da shafukan talla, wutsiyar labari ta tafi tare da su.

10. In zan sayi tsohuwar mujalla daga 'yan gwanjo, me zan tambaya?

Ka nemi hoton shafin jerin abubuwan ciki kafin komai, domin bango ba ya ambaton kowa da kowa. Sannan ka roƙi mai sayarwa ya ƙirga shafukan. Na taɓa sayen wata fitowa daga wani dillali da ya rubuta cewa cikakkiya ce. Ta iso da bangonta garau, na karanta labarin har inda aka ce a juya baya, sai na tarar da huda mai kusurwa huɗu a gindin shafin. Wani mai karatu, shekaru da dama da suka wuce, ya sa almakashi ya yanke takardar odar wata sandar kamun kifi, kuma sakin layi na ƙarshe na labarin yana bayanta. Tun daga ranar nake tambayar ko an yanke wani abu a shafukan baya.

Sayen shekara guda a dunƙule ya fi sauƙi a kan bin fitowa ɗaya-ɗaya, idan marubucin yana da fili na kowane wata. Fitowar da wani shahararren mai zane ya yi wa bango takan yi tsada saboda bangon, don haka mai neman karatu kawai ya nemi wadda bangonta ya yage.

11. Ina ake samun takardun marubuci na kansa, kuma me suke ƙarawa?

Da yawa daga cikinsu, ko magadansu, sun miƙa takardunsu ga jami'o'i. Na Corey Ford suna Kwalejin Dartmouth, na Ruark suna Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, na O'Connor kuma suna Jami'ar Jihar Washington. Kowace ma'ajiya tana da jagorar da ke bayyana abin da ke cikin kowane akwati, kuma yawancin jagororin suna intanet; shafin intanet na ArchiveGrid yana taimakawa wajen gano inda takardun wani suke.

Abin da ya fi amfani a akwatunan ba kullum ne zubin labarai ba. Wasiƙun edita, da takardun shaidar biyan kuɗi, da ɗan littafin da marubuci yake rubuta abin da ya aika da inda ya aika, su ne suke fallasa labaran da ba wanda ya san da su, domin kowane biya yana da labarin da aka biya dominsa. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba ya rubuta wa ma'aikatan ma'ajiyar, ya ambaci lambar akwati da ta fayil.

12. Idan ya yi amfani da sunan aro, ko bai sa suna ba fa?

Tsohuwar al'ada ce a wannan fanni. George Washington Sears ya yi rubutu a Forest and Stream da sunan Nessmuk, Henry William Herbert ya shahara da Frank Forester, a Ingila kuma Denys Watkins-Pitchford da haruffan BB yake sa hannu. Ban da sha'awa, akwai dalilin kasuwa: edita ba ya son suna ɗaya ya fito sau biyu a fitowa guda, marubucin da ke ɗaure da wata mujalla kuma yakan ɓoye sunansa in zai sayar wa kishiyarta.

Salo kaɗai ba ya isa hujja, domin masu kwaikwayo suna da yawa, kuma mai nema yakan ga abin da yake son gani. Sai an sami shaida daga waje, irin takardun da aka ambata a amsa ta 11, ko rajistar haƙƙin mallaka, ko kuma marubucin ya sake amfani da labarin da sunansa na gaskiya. Kafin nan, a kundinka ka ware shi ƙarƙashin waɗanda ake zato.

13. Rubutun jarida ma yana cikin lissafi?

Yana ciki, kuma sau da yawa shi ne mafi yawa, shi ne kuma mafi ƙarancin tattarawa. Daga cikin ma'ajiyun tsofaffin jaridu na intanet, Chronicling America na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kyauta ne, Newspapers.com da British Newspaper Archive kuwa na biya ne. Abin lura shi ne filin da ake rarraba wa jaridu da yawa yakan fito da kanu daban-daban a garuruwa daban-daban, a ranaku mabambanta, kowace jarida kuma ta datse shi gwargwadon wurin da take da shi. Kafin a ƙirga shi sau biyu a bi matakan amsa ta 8.

14. In na sami labarin, zan iya yaɗa shi ko in buga shi?

Mallakar takardar ba ta ba ka mallakar rubutun. A Amurka abin da aka buga kafin 1978 yana iya kasancewa ƙarƙashin kariya har shekara 95 daga bugawa, shi ya sa abin da ya fito a 1930 sai ranar 1 ga Janairu 2026 ya zama na kowa. Wanda aka buga kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa bayan shekara 28 kariyar take ci gaba, kuma mujalla tana iya sabunta fitowar, marubuci ma yana iya sabunta labarinsa daban, don haka sai an duba duka biyun. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, ke nan rubutun wanda ya rasu a 1965 yana da kariya a can har ƙarshen 2035.

Abin da ba shi da shamaki shi ne yaɗa bayanin inda labari yake: sunansa, da mujalla, da wata, da shekara, da shafi. Mai son ganin an buga littafi kuwa sai ya nemi magada ko kamfanin da ya buga na baya, ya je musu da cikakken jeri a hannu. An sha yin haka. Jim Casada ya tattara labaran Ruark da na O'Connor da ba su shiga littafi ba shekaru da dama bayan rasuwarsu.

15. Yaya zan adana abin da na tara?

Takardar mujallun da ta jaridu mai arha ce, tana ɗauke da sinadarin da ke sa ta ja ta kuma yi ta karyewa, zafi da haske da laima kuwa suna gaggauta hakan. A kwantar da su a akwatin da ba ya cin takarda, nesa da rana, kada a liƙa musu salatif ko a ɗaure su da roba. Ƙarfen da aka maƙale su da shi yakan yi tsatsa ya ɓata shafin tsakiya, don haka a riƙa dubawa.

Ka ɗauki hoton kowane labari ranar da ya zo hannunka, tare da bango da shafin jerin abubuwan ciki, domin shafi tsura ba ya nuna daga ina ya fito. Ka sa wa fayil ɗin suna da shekara da wata da sunan mujalla, ka shigar da shi kundinka, ka kuma ware shafi guda na fitowar da ka duba ba ka sami komai ba, don kada ka sake biyan kuɗin aikawa a kan fitowar Nuwamba da ka riga ka bincika bara.